Yadda Kwantiti Sabeya Zai Shiga Aikin Raba Gardamar Kwangila da Ba da Shaidar Ƙwararre

Duk rikicin kwangilar gini, komai daɗewarsa a hannun lauyoyi, a kan tambaya biyu yake ƙarewa: wa ya jawo matsalar, kuma nawa za a biya. Ta farko lauyoyi ne ke kokawa da ita. Ta biyu kuwa tamu ce, mu kwantiti sabeya, masu auna aikin gini da lissafin kuɗinsa. Lauya zai iya gamsar da alƙali cewa mai gini ya makara wajen miƙa zane, amma ba shi da hanyar faɗin Naira nawa makarar ta ci wa ɗan kwangila. Dole ya nemo wanda ya san farashin rodi a watan da aka sayo shi, ya san leburori nawa suka yi zaman jira, kuma zai iya tsayawa gaban alƙali ya kare kowane adadi da ya rubuta.

Ƙannenmu maza da mata da suka fito daga ABU Zariya, da BUK, da ATBU Bauchi, da Minna, da Kaduna Poli suna yawan tambayata ta ina ake shiga wannan fage. Tambayar ta ƙaru tun 2023, kuma dalili a fili yake. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,400 kafin shekara ta zagayo. Kwangilolin da aka sa wa hannu da tsohon farashi suka zama alaƙaƙai, 'yan kwangila suka bar sayit, masu gini suka riƙe kuɗi, takardun neman haƙƙi suka taru. Ga abin da nake gaya musu.

Rajista tukuna, sannan sayit

Ka zama cikakken mamba na NIQS, ƙungiyarmu da aka kafa a 1969, ka kuma yi rajista da QSRBN, hukumar rajistar kwantiti sabeya da dokar soja mai lamba 31 ta 1986 ta kafa. Tambayar farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi maka ita ce wane ne kai da za ka faɗi ra'ayi a nan. In ba ka da rajista, an gama da kai tun ba ka buɗe rahotonka ba.

Amma rajista ba ta wadatar. A ganina, wanda bai yi shekara bakwai zuwa goma yana aikin yau da kullum ba, bai kamata ya yarda a kira shi ƙwararre ba. Ina nufin aunawa, haɗa bil, wato jerin ayyukan gini da farashinsu, da ƙa'idar awo ta BESMM, fitar da kuɗin satifiket, wato takardar biyan ɗan kwangila, duk wata, sa farashin ƙarin aiki, da rufe lissafin ƙarshe na kwangila. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin makaranta, domin a nan duk gardamar da aka yi ta ɗagawa ke fitowa. In da hali, ka yi aiki da ɓangarorin biyu. Ka zauna a ofishin masu ba da shawara, ka kuma zauna da ɗan kwangila. Wanda bai taɓa jiran satifiket wata huɗu ba alhali leburori na tsaye a bakin ofis ranar Juma'a, ba zai gane dalilin da ya sa ɗan kwangila ya rage ma'aikata ba. Wanda kuma bai taɓa tsare kuɗin mai gini ba, ba zai gane da'awar da aka yi wa ƙari ba.

Ka san kwangila kamar yadda ka san bil

Da yawanmu bil kaɗai muke buɗewa, sharuɗɗan kwangila kuwa sai rikici ya tashi. A wannan aiki sharuɗɗan ne farko. Ka nemi tsarin kwangilar gini na Najeriya na 1990, wanda aka ɗauko daga tsarin JCT na Ingila, da takardun kwangila na BPP, hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnati da ke ƙarƙashin dokar sayayyar gwamnati ta 2007, da kuma FIDIC, tsarin kwangila na ƙasa da ƙasa wanda manyan ayyukan hanya da ruwa da wuta ke tafiya a kansa, musamman masu kuɗin bankunan raya ƙasashe.

Ka lura da wa'adi sosai. A FIDIC na 1999, sashe na 20.1 ya ba ɗan kwangila kwana 28 ya sanar da injiniya tun daga ranar da ya san abin da zai jawo masa asara, ko ranar da ya kamata ya sani. In ya wuce haka, haƙƙinsa ya faɗi. Cikakken bayanin da'awa kuma cikin kwana 42, wanda bugun 2017 ya mayar kwana 84. Na ga da'awa mai gaskiya ƙwarai da ta mutu a kan wannan sashe kaɗai, domin ɗan kwangilar ya ga rubuta wa injiniya takarda kamar neman faɗa ne. Kunya da kawaici halinmu ne mai kyau, amma wa'adin kwangila ba ya jiran kowa. Aikinka ne ka koya wa wanda kake wa aiki rubuta sanarwa cikin ladabi kuma a kan lokaci.

Haka nan kafin ka fara lissafin tashin farashi, duba ko kwangilar ta yarda da shi. In an rubuta farashi tsayayye ne, duk ninkin da siminti ya yi, sai lauya ya fara nemo wata ƙofa kafin lissafinka ya yi amfani.

Takardu

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ake cin shari'a ko a faɗi.

Na taɓa duba wata da'awa a kan ginin ajujuwa a wuri mai baƙar laka, irin wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ɗan kwangila ya ce da aka haƙa fandisho sai injiniya ya zo ya ce a ƙara zurfi, a kwashe lakar, a cike da jar ƙasa. Da baki ya faɗa. Kafin a zo biya an canza wa injiniyan wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce bai ga umarni a rubuce ba. Aikin yana ƙarƙashin ƙasa, gini ya hau kansa. Abin da ya ceci wani kaso na kuɗin shi ne littafin sitokifa, wani dattijo mai rubuta kowace tifa da ta shigo da lambarta da ranarta, sai rasit na masu kawo ƙasa, sai hotunan waya masu ɗauke da kwanan wata inda ake ganin mutum tsaye cikin ramin. Da waɗannan na auna abin da zan iya karewa. Sauran, wanda mai yiwuwa an yi shi da gaske, na rubuta cewa babu takardar da ta tabbatar da shi. Ɗan kwangilar bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, amma abin da ke gabana ke nan.

Saboda haka tun kana sayit ka saba da ajiye littafin aikin yau da kullum: mutum nawa suka zo, wane inji ya yi aiki, wanne ya tsaya kuma me ya tsayar da shi, ko an yi ruwa. Duk umarnin da aka ba da da baki, ka rubuta takardar tabbatarwa a ranar, a sa hannu. Ka ajiye bayanan taron sayit, da jadawalin aiki na asali da kowane gyara da aka yi masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Yanzu rabin umarnin sayit a WhatsApp yake yawo. Ana karɓarsa a kotu, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa a kan duk abin da aka fitar daga kwamfuta ko waya, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da shi. Ka gaya wa lauya da wuri cewa za ka dogara da saƙonni, kuma a kiyaye wayar.

Lissafin da ba a koyarwa sosai a aji

Ɗauki kuɗin tsawaitar aiki. Abin da ɗan kwangila ya saba yi shi ne ya ɗauki kuɗin gudanar da sayit da ke cikin bil, ya raba da watannin kwangila, ya ninka da watannin jinkiri. Yana da sauƙi, kuma kuskure ne. Abin da ake biya shi ne ainihin abin da aka kashe, kuma a lokacin da jinkirin ya faru, ba a watannin ƙarshe ba. In an tsaya wata biyu a matakin fandisho, lokacin da sayit ba ta da komai sai maigadi, fomen da janareta ɗaya, kuɗin kaɗan ne. In an tsaya lokacin zuba kankaren bene na uku, ga kiren na haya, ga katako da ƙarafan tokara, ga ma'aikata cike, kuɗin ya ninka. Wannan ita ce matsayar ƙa'idar jinkiri ta ƙungiyar dokokin gini ta Ingila, SCL, wadda ta fito a 2002 aka sabunta ta a 2017. Ka sauke ta daga intanet, kyauta ce, ka karanta ta fiye da sau ɗaya.

Sai kuɗin babban ofis. A ɗauka kwangilar Naira miliyan 480 ce ta mako 48, ɗan kwangila ya sa kashi 10 cikin 100 na ofis da riba, an kuma yi jinkirin mako 12. Akwai sanannun hanyoyin lissafa wannan. Da ta farko, lissafin Hudson, kashi 10 na miliyan 480 shi ne miliyan 48, a raba da mako 48 ya ba da miliyan 1 duk mako, a ninka da 12 ya zama miliyan 12. Rauninsa shi ne kason da aka sa a tenda aka yi amfani da shi, wanda ba lallai ya dace da gaskiyar kamfanin ba. Wata hanyar, lissafin Emden, tana ɗauko kason daga asusun kamfanin da aka tantance. Kowanne ka ɗauka, sai an nuna cewa jinkirin ya hana kamfanin karɓar wani aiki da yake samuwa a lokacin. In babu wannan hujja, ka faɗa a rahotonka tun kafin a tambaye ka.

Tangarɗar aiki kuma daban take da jinkiri. Hanya mafi ƙarfi ita ce ka samo lokacin da aiki ya tafi lafiya, ka ga bulo nawa birkilolin suka jera a rana, ka gwada da lokacin da ake ta katse su. Ka guji tara asarori goma a kwano ɗaya ka ce duk laifin mai gini ne. Kowace asara ka ɗaure ta da sanadinta. Jadawalin Scott na taimakawa a nan: kowane batu da layinsa, ga abin da mai da'awa ya nema, ga amsar ɗaya ɓangaren, ga adadinka, ga gurbin alƙali.

Ka san iyakarka kuma. Tantance kwana nawa aka yi jinkiri, da manhajar Primavera ko makamanciyarta, fanni ne mai zaman kansa. Wasu a cikinmu sun koye shi sun kuma ƙware. In kai ba ka koya ba, ka karɓi adadin kwanakin daga mai fannin, ka rubuta cewa a kansa ka dogara.

Inda ake kai gardamar, da karatun da za ka ƙara

Akwai sulhu, inda mai shiga tsakani ke taimakon ɓangarori su daidaita da kansu. Kotunan sulhu masu ƙofofi da yawa sun fara a Legas a 2002, Abuja ta biyo a 2003, Kano ma tana da tata. Akwai kwamitin raba gardama da FIDIC ya tanada, mai yanke hukunci cikin kwana 84 alhali aiki na tafiya. A Ingila dokar 1996 ta ba kowane ɓangare damar neman hukuncin gaggawa cikin kwana 28, abin da ya buɗe wa kwantiti sabeya na can aiki mai yawa; a nan sai in kwangila ce ta tanade shi. Sai abitireshan, inda ɓangarori ke zaɓar alƙalinsu kuma hukuncinsa ya ɗaure su. Dokar da ke tafiyar da shi yanzu ita ce ta 2023, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu, ta maye gurbin ta 1988. Sai kuma kotu.

Don karatu, fara da kwas ɗin farko na CIArb, cibiyar horar da masu abitireshan ta Landan da ke da reshe a Najeriya, ka hau mataki-mataki, ko na NICArb, takwararta ta gida. Mai sha'awar sulhu ya duba ICMC, cibiyar masu sulhu ta Najeriya. Mai hangen Dubai, Doha ko Riyad, inda kamfanoni irin su HKA da FTI ke ɗaukar masu wannan sana'a, ya ƙara da RICS, ƙungiyar sabeya ta Birtaniya. Digiri na biyu a dokokin gini yana da kyau ga mai hali, amma ba zan shawarci kowa ya ci bashi dominsa ba kafin ya taɓa haɗa da'awa ko ɗaya da hannunsa.

Shaidar ƙwararre

Mutum biyu ne a wannan fage, kuma dole ka san wanne ne kai a kowane aiki. Mai haɗa wa ɗan kwangila da'awa yana ɓangarensa, yana nemo masa duk abin da kwangila ta ba shi. Ƙwararren shaida kuwa na alƙali ne, ko da wani ɓangare ne ke biyansa. Mai shari'a Cresswell ya zayyana wannan a shari'ar jirgin ruwan Ikarian Reefer a Landan a 1993, kuma har yau ana kafa hujja da ita: ra'ayin ƙwararre ya zama nasa na kansa, kada ya zama lauya, kada ya ɓoye abin da ke raunana matsayarsa, ya faɗa in tambaya ta fita daga fanninsa. A nan gida sashe na 68 na Dokar Shaida ne ya ba kotu damar sauraren ra'ayin ƙwararre, kuma kotu na iya yin watsi da shi in bai zo da dalili ba. Da'awar da ka haɗa da hannunka, kada ka yarda ka zama shaida mai zaman kansa a kanta.

Za a matsa maka, ina gaya maka tun yanzu. Ba da faɗa ake zuwa ba. Cewa za a yi, "Malam, a ɗan duba mana wannan adadin, ai kai namu ne." Lauya yana da damar nuna maka kuskuren lissafi, ko takardar da ka tsallake, ko jimlar da ba ta fita ba. Ba shi da damar canza ra'ayinka. Gwajin da nake yi wa kaina shi ne, da ɗaya ɓangaren ne ya ɗauke ni, shin wannan adadin zan rubuta? Mun taso da sanin nauyin shaidar zur, kuma aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ce a tsaya da adalci a shaida ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Ƙara sifiri a rahoton da ka rantse a kansa yana cikin wannan babi.

Girman abin da adadi ke iya jawowa ya fito a shari'ar kamfanin P&ID da gwamnatin Najeriya. Masana'antar iskar gas ce da aka ce za a gina a Kalaba ba a gina ba, amma a 2017 aka yanke wa Najeriya biyan dala biliyan 6.6, daga lissafin ribar shekara 20 da ƙwararru suka gabatar. Sai a Oktoban 2023 babbar kotun Ingila ta ce da zamba aka samu hukuncin, daga baya ta rushe shi.

A rahoto, ka faɗi wanda ya ɗauke ka da abin da aka ce ka duba, ka jera takardun da ka gani da waɗanda ka nema ba a ba ka ba, ka raba abin da ka tabbatar da abin da aka ce ka ɗauka a matsayin gaskiya. Kowane adadi ya nuna takardar da ya fito. In ɓangarorin sun saɓa a kan abin da ya faru, kada ka zaɓar wa alƙali. Ka ba shi lissafi biyu, in ya yarda da wancan ga adadi, in da wannan ga adadi. Ka rubuta yadda wanda bai taɓa riƙe tef ba zai fahimta. Yawanci za a ce ku zauna da ƙwararren ɗaya ɓangaren ku fitar da takardar haɗin gwiwa, inda kuka dace da inda kuka saɓa. Ka je da niyyar rage gardama. Wani lokaci ma tare za a zaunar da ku gaban alƙali ana yi muku tambaya ɗaya.

Ranar tambayoyi, ka saurara har lauya ya kai aya. Ka fuskanci alƙali in za ka amsa. In an ambaci takarda, ka ce a nuna maka. In ya kama ka da kuskure na gaske, ka amsa nan take ka faɗi yadda zai shafi jimla, domin musun abin da ke fili yana zubar da sauran shaidarka. "Wannan ba fannina ba ne" cikakkiyar amsa ce. In an tafi hutu alhali kana kan rantsuwa, ba ka tattauna shaidarka da kowa, har da lauyan da ya kawo ka.

Aikin farko da kuɗinsa

Ba a fara wannan aiki da tsayawa gaban alƙali. Ka nemi babba da ke yin sa, ka roƙi ya sa ka a tantance rasit da haɗa jadawali, ka zauna a baya ranar zama ka ga yadda ake yi masa tambayoyi. Lauyoyi ne ke kawo aikin, don haka ka riƙa zuwa tarukan CIArb da na reshen NIQS na jiharka, ka gabatar da takarda in an ba da dama.

In aiki ya zo, kafin ka karɓi ko fayil ɗaya ka duba ko ka taɓa yi wa ɗaya daga cikin ɓangarorin aiki, ko akwai zumunta ko surukuta a tsakani, ka bayyana a rubuce. A garuruwanmu kowa ya san kowa, don haka wannan na faruwa sosai. Kuɗinka ya kasance na awa ko dunƙulalle a kan mataki-mataki, a biya wani kaso tun farko. Kada ka yarda da kaso daga abin da aka ci a shari'a, domin da zarar an tambaye ka yadda ake biyanka, shaidarka ta tashi daga aiki. Ka yanki inshorar kuskuren sana'a. Bayan an yanke hukunci kuma kada ka watsar da fayil: dokar 2023 ta ba wanda ya faɗi wata uku ya nemi kotu ta rushe hukuncin, kuma in an shiga kotu maganar na iya ɗaukar shekaru ana dawowa kan takardun aikinka.